Zan iya sayen ƙaramin jirgin ƙasa mai tururi, irin wanda ake hawa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Ingila da iyalina, ranar Lahadi mun kai yara wani wurin shaƙatawa sai muka tarar da wasu dattawa suna tuƙa ƙananan jiragen ƙasa masu wuta da hayaƙi da tururi na gaske, mutane na hawa ana zagayawa da su. Tun ranar abin ya tsaya min a rai. Na ga ana tallan wani na hannu a intanet, mai shi yace yana aiki lafiya lau amma takardun tukunya sun ɓace, kuma kuɗin yayi sauƙi sosai. In saya? Yana da wuyar tuƙi? In na gaji da shi zan iya sayarwa ban yi asara ba? Sannan ina tunanin wata rana in kai shi gida Kano in sa a wurin wasan yara, ko hakan zai yiwu?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya raya yaran. Tambayoyi huɗu ka jero, saye da tuƙi da sayarwa da kuma kai shi gida, amma duk a wuri ɗaya suke haɗuwa, wato tukunyar da ke dafa ruwa ta ba da tururi. Ita ke yanke kuɗin jirgin ranar saye, ita zata iya ƙona mutum ranar tuƙi, kuma ita mai saye na gaba zai fara tambaya ranar da ka tashi sayarwa. Saboda haka tun kafin mu yi nisa, wancan da ka gani mara takardu kar ka tura ko sisi tukuna, zan faɗa maka dalili da hanyar da ake bi in har ranka ya kafe a kansa. Ni abin da hannuna ya saba da shi shi ne mai faɗin layi inci 5 da nake da shi, sai mai inci 7¼ na kulob ɗinmu, wato ƙungiyar masu sha'awar waɗannan ƙananan jirage, da nake tuƙawa ranakun da ake ɗaukar jama'a, to iyakar maganata kenan, manyan da suka wuce haka harka ce ta kamfani.

Girman jirgi da faɗin layi

Da faɗin layin dogo ake rarrabe su, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan nan biyu. Don ka samu ma'auni, tsohon layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, sabon na Abuja zuwa Kaduna kuma ƙafa 4 da inci 8½. Namu da ake hawa a nan Ingila sun fi yawa a inci 3½, inci 5 da inci 7¼. Mai inci 3½ mutum ɗaya mai ƙarfi zai iya ɗaga ƙaraminsa ya sa a but ɗin mota, yana jan direba da mutum ɗaya ko biyu, amma gidan wutarsa ƙarami ne ƙwarai, ko ɗan sakaci kayi wutar ta mutu, shi yasa bana ba sabon shiga shawarar fara da shi duk da ya fi arha. Mai inci 5 shi ne tsaka-tsaki, mutum biyu zasu ɗaga, yana jan manya da yawa, kuma kusan kowane kulob yana da layinsa. Mai inci 7¼ kuwa daga kilo ɗari da wani abu yake farawa har ya doshi rabin tan, sai da tirela da abin ɗagawa da gareji, in irin na babban layi aka kwaikwaya girmansa kusan kashi ɗaya cikin takwas ne na jirgin gaske. Ƙananan biyun akan tuƙa su a layin da aka ɗaga sama, a hau tarago a rataye ƙafafu gefe da gefe, babban kuma a ƙasa layinsa yake.

Ka lura da wani tarko in kana duba talla daga Amurka. A can yawancin wurare inci 7½ suke amfani da shi, sai yankin arewa maso gabas ne ke kan 7¼, kuma maimakon inci 5 suna da 4¾. Rubu'in inci ɗin nan kaɗai ya isa jirgin ya ƙi hawa layin nan, gyaran kuma sai an taɓa tayoyi da ƙarfen da suke ɗaure a jikinsa, aiki ne babba.

Harkar ta daɗe. Mujallar Model Engineer tun 1898 aka kafa ta, kuma a cikinta wani mutum mai sa hannu da LBSC, wanda ya rasu a 1967, yayi shekaru da dama yana koyar da talaka mai ɗan injin feƙe ƙarfe a gida yadda zai ƙera nasa. A shekarun 1920 shi ya nuna cewa ɗan mitsitsin jirgi mai faɗin inci 2½ da ake hura wa kwal, wanda ya sa wa suna Ayesha, zai iya jan babban mutum, lokacin da masana ke ganin ba zai yiwu ba. Zane-zanensa irin su Tich da Juliet har yau suna yawo a kasuwa. In kana son yaran su ga inda abin ya kai, ka kai su Romney, Hythe and Dymchurch a Kent, layi ne mai faɗin inci 15 da aka buɗe a 1927, tsawonsa mil 13½, ko Ravenglass and Eskdale a Cumbria. A Amurka kuma akwai Train Mountain a jihar Oregon, layinsu ya haura mil 30.

Tukunya da takardunta

Yawancin tukwanen nan suna aiki ne a matsi tsakanin psi 80 zuwa 100, ma'aunin nan da ake auna iskar taya da shi. A psi 100 ruwan da ke ciki zafinsa ya kai wajen digiri 170 amma matsi ya hana shi zama tururi. In tukunyar ta tsage, matsin ya faɗi lokaci ɗaya, wani kaso na ruwan nan take zai rikiɗe ya zama tururi, shi kuwa ruwa in ya zama tururi a sarari yana ninka girmansa sau wajen 1,600, kuma wannan abin yana tsakanin gwiwoyinka ne, ɗanka na zaune a bayanka. Wannan ne yasa kulob ba ya wasa da takarda.

Tsarin da ƙungiyoyin kulob na Birtaniya suka amince da shi gwaji biyu ne. Na farko gwajin ruwa, a cika tukunya da ruwan sanyi taf babu iska ko kaɗan, a toshe ko ina, a buga famfon hannu har matsi ya hau. Sabuwar tukunya ana kai ta ninki biyu na matsin aikinta, daga baya kuma ninki ɗaya da rabi. Hikimar ita ce ruwa baya matsuwa, in akwai rauni sai dai ka ga ɗigo ko allurar geji, wato agogon auna matsi, ta sauka, babu fashewa. Tukunyar jan ƙarfe duk shekara 4 ake maimaita mata, ta baƙin ƙarfe kuma bayan shekara 4 na farko sai ta koma duk shekara 2. Na biyu gwajin tururi ne na shekara-shekara, takardarsa bata wuce wata 14, a tada wuta sosai a buɗe mahuri, wato abin da ke hura wuta da tururi, gaba ɗaya a ga ko bawul ɗin kariya, mai sakin tururi in matsi yayi yawa, zai riƙe matsi kar ya wuce kashi 10 cikin 100 a kan jan layin geji, a gwada gilashin duba ruwa, a kuma tabbatar akwai hanyoyi biyu daban-daban na ɗura ruwa a tukunya kuma duk suna aiki. Tukunyar da kamfani ya ƙera ya sayar daga 2002 zuwa yau ya kamata a ga tambarin cika ƙa'ida na Turai, CE, a jikinta, ko na Birtaniya, UKCA, a sababbi, da lamba da takardar maƙeri.

To kaga, wanda yace maka takardu sun ɓace abubuwa uku ne. Ko dai da gaske ne, mai shi ya rasu magada sun share gareji sun zubar da fayil, wannan yana faruwa sosai. Ko jirgin bai taɓa ganin mai gwaji ba, wani ne ya ƙera shi kaɗai a gidansa. Ko kuma an gwada ya faɗi, aka ga gara a ce takarda ta ɓata. Daga hoto ba zaka gane wanne ne ba, kuma bidiyon tayoyi na juyawa da iskar kwamfuresa baya nuna komai game da tukunya, yana nuna silinda da fistin suna motsi ne kawai. Abin da zaka yi shi ne ka tambayi lambar da aka buga a jikin tukunya da sunan kulob ɗin da ya taɓa gwada ta, domin kulob na ajiye kwafi, sau da yawa ana samo tarihin ta nan. In babu, sai ka gindaya sharaɗi, ba ciniki sai mai gwajin kulob ɗin da zaka riƙa tuƙi a ciki ya gani ya gwada ya yarda. Ka sani kuma yana da ikon cewa a cire rufin tukunyar duka ya ga kowane liƙi da idonsa, ko ma yace ba zai sa hannu ba tunda bai san da me aka ƙera ta ba, kuma babu mai tilasta shi. In mai sayarwa ya ƙi wannan sharaɗin, to ka ƙiyasta kuɗin kamar babu tukunya a jikinsa, ka tambayi maƙerin tukwane nawa sabuwa take da kuma wata nawa zaka jira, a abin da nake gani sabuwar tukunyar jan ƙarfe tana iya cinye kaso mai tsoka na darajar jirgin gaba ɗaya, jiran kuma watanni ne masu yawa. Galibi in ka haɗa lissafin sai ka ga arhar ta gudu.

Akwai abubuwan da masu gwaji ke nema waɗanda kai ma ya kamata ka sani. Tukunyar jan ƙarfe mai kyau da likin azurfa ake haɗa ta, in an kula da ita tana iya wuce mai ita shekaru. Tsofaffi sosai wasu da ƙusoshi da dalma aka toshe su, dalma kuwa bata jure zafi in ruwa yayi ƙasa. Wani likin mai sinadarin fosfaras da masu gyaran firji ke amfani da shi haramun ne a tukunyar kwal, domin farar wutar da ke cikin kwal tana cinye shi. Tagulla mai ruwan rawaya ita ma ba'a sa ta a jikin tukunya, ruwan zafi na tsotse sinadarin zinki da ke cikinta a hankali ta zama gautsi, a ido lafiya lau amma kana ɗaura sifana ta karye. Tukunyar baƙin ƙarfe, wadda aka fi samu a manyan inci 7¼, walda ce, tana da ƙarfi amma tsatsa na cinta daga ciki, shi yasa ake auna kaurin ƙarfen da na'ura, kuma shekarunta ƙidayayyu ne. Jirgin da ya tsufa sosai kuma ka yi hattara da farin abin da aka naɗe tukunya da shi, yana iya zama asbestos, ba'a hana shi gaba ɗaya a Birtaniya ba sai 1999, kar ka kankare shi kana shaƙa.

Ta ina za'a fara

Shawarata da nake ba kowa, kuma da gaske nake, ka shiga kulob kafin ka sayi jirgi. Dattawan nan da ka gani kusan tabbas ƴan kulob ne, aikin sa kai suke, kuɗin shekara ba yawa, kuma suna neman sababbin hannu ido rufe saboda yawancinsu shekaru sun ja. A nan zaka samu layi, ka samu mai gwajin tukunya wanda ke yi wa mambobi, ka samu inshorar da ke rufe ɗaukar jama'a, ka samu wanda zai zauna a bayanka ya koya maka tuƙi a jirgin kulob. Bayan ƴan watanni zaka san girman da ya dace da motarka da bayanka da aljihunka, kuma jirage masu kyau da yawa a cikin kulob suke canja hannu, ba'a taɓa tallansu ba, jirgin da kowa ya san wanda ya ƙera shi da halinsa.

In ka tashi saye, ka nemi zanen da aka sani. A inci 5 akwai Simplex na Martin Evans da Sweet Pea na Jack Buckler, a inci 7¼ akwai Romulus. Dalilin shi ne an ƙera su da yawa, zanensu da kayan gyaransu suna samuwa, duk matsalar da zata taso wani a kulob ya taɓa ganinta. Ni Sweet Pea nake so wa mai koyo, an kwaikwayi ƙananan jiragen ma'aikatu ne shi yasa komai nasa manya-manya ne, hannu na shiga, gyara ba wuya. Akwai kuma kamfanoni irin su Polly Model Engineering masu sayar da jirgi gunduwa-gunduwa an riga an feƙe komai kai dai ɗaurawa ne naka, wannan hanya ce mai kyau ga wanda bashi da injina, don in ka gama ka san kowane noti. Dillalai irin su Station Road Steam a Lincolnshire suna sayar da sabo da na hannu. Wurin dillali ya fi tsada, amma yakan bayyana matsayin tukunya a rubuce. Kuɗi kuwa, mai inci 5 na talaka da takardunsa dubban fam kaɗan ne, mai inci 7¼ mai kyau yana haura fam 10,000 cikin sauƙi, manyan na ƙawa kuma ba'a magana. Wanda aka fara ƙerawa ba'a gama ba ka bar wa masu injina, arha ne amma kuskuren wani zaka gada.

Ranar dubawa ka tafi da wanda ya sani. Ka sa a tada shi daga sanyi a gabanka, ka girgiza sandunan da ke haɗa tayoyi ka ji ko sun yi lako-lako, ka dubi bakin tayoyin ko sun cinye, ka buɗe ƙofar gaba ka haska bututun wuta, waɗanda hayaƙi ke bi ta cikin tukunya, ka ga ko akwai jiƙa ko farin tabo, alamar yoyo kenan. In yana tafiya ka saurara, bugun hayaƙinsa huɗu ne a kowane juyin taya kuma ya kamata su fito daidai wa daida, in ɗaya na ɗingishi to saitin bawul ya goce.

Tada wuta da tuƙi

Tuƙin kansa, wato buɗe tururi da taka birki, yaro ma zai koya a yini ɗaya. Wuyar tana wajen riƙe abu uku lokaci guda, wuta da ruwa da matsi, kuma kowanne na taɓa ɗan'uwansa, ka zuba ruwan sanyi matsi ya sauka, ka lafta kwal da yawa wuta ta shaƙe matsi ya sauka, ka bar wuta tayi ƙarfi a tasha bawul ya riƙa ihu kana asarar ruwa. A babban jirgi mutum biyu ke wannan aikin, a nan kai kaɗai ne, ga kuma ido a kan layi.

Da safe zaka fara da duba ruwa, kamar rabin gilashi, kafin ashana ta kusanci jirgin. Ka bi duk gaɓoɓi da mai, ka cika ɗan tankin man silinda da man tururi na musamman mai kauri, man mota baya yi don tururi na wanke shi. Sai ka ɗora ƴar fankar lantarki a bakin bututun hayaƙi ta riƙa jawo iska, ka zuba gawayin da ka jiƙa da kananzir ka kunna, in ya kama ka fara bin sa da kwal kaɗan-kaɗan. In allura ta kai wajen psi 30 ka cire fanka ka buɗe mahurin jirgin na tururi. Mai inci 5 cikin minti 15 zuwa 30 ya tashi, kuma kar ka gaggauta, ƙarfe na son ya ɗumama a hankali. Kafin ka motsa ka gwada injekta, wato ƴar na'urar da ke ɗura ruwa a tukunya da ƙarfin tururi, ka ga bawul ɗin kariya ya buɗe a kan jan layi, ka gwada birkin taragon da kake zaune a kai, ka buɗe ƴan famfunan ƙasan silinda su fitar da ruwan da ya taru, don in fistin ya daki ruwa yana iya fasa murfin silinda. In ya fara tafiya abin daɗin shi ne tururin da ya gama aiki yana fita ta bututun hayaƙi yana jawo wuta, iya nauyin da ya ja iya ƙarfin da wutar zata yi.

Doka ɗaya ce ba'a karyawa, ruwa kar ya ɓace daga gilashi. Rufin gidan wuta ruwan da ke kansa ne kawai ke hana shi laushi, in ya bushe cikin ɗan lokaci zai lalace. Gilashin ma yana ƙarya in ƙofofinsa sun toshe, shi yasa ake hura shi a ga ruwan ya sauka ya dawo da sauri. A gangara ruwa na tafiya gaba ya bar rufin a baya, to ka shiga gangara da isasshen ruwa. In ruwa ya ɓace kuma famfo da injekta duk sun ƙi, ka tsaya ka zare ƙusar da ke riƙe da ragar wuta, wutar ta zube ƙasa, babu kunya a ciki, duk direban kirki ya san inda ƙusar nan take ko a duhu. Cika ruwa fiye da kima shi ma matsala ne, zai bi tururi ya fita ta sama ya yi wa fasinjoji wanka da baƙin ruwan zafi.

Gudu kuma, ka riƙe shi kamar sassarfar mutum. Walt Disney ya shimfiɗa layi mai inci 7¼ a harabar gidansa a 1950, da jirgi mai suna Lilly Belle. A 1953 wani baƙo ya shiga kwana da gudu jirgin ya kife, tururi ya ƙona wata ƙaramar yarinya, daga nan ya rufe layin. Yawancin raunukan harkar nan irin wannan ne, tarago ya kife saboda fasinja ya leƙa gefe ko ya ja ƙafa a ƙasa, ko tartsatsi ya faɗa ido, ko yaro ya kai hannu kan ƙarfe mai zafi.

In an tashi da yamma aiki bai ƙare ba, a zubar da wuta, a bar matsi ya sauka sannan a buɗe bawul ɗin ƙasa a fitar da ruwan da dattinsa, a share bututun wuta ɗaya bayan ɗaya da buroshi, a kwashe tokar gaba, a goge a shafa mai. Lokacin sanyin nan na Ingila ka tabbatar babu ɗigon ruwa a famfo da bututu da geji, ƙanƙara na fasa su. Ruwan sama da aka tace ya fi, ruwan famfo a yankuna da yawa na barin farin ɓawo irin na cikin butar lantarki, shi kuma yana hana zafi ratsawa har ƙarfen ya ƙone. Kwal ma yanzu abin tunani ne, wanda aka fi so shi ne na Wales mara hayaƙi sosai, amma mahaƙar Ffos-y-fran kusa da Merthyr Tydfil ta rufe a ƙarshen 2023, yanzu kowa na gwada na waje da na haɗi, ka tambayi ƴan kulob wanda ke ci a irin jirginka kafin ka sayi buhuna.

Ranar sayarwa

Jirgi mai sanannen zane da takardu masu rai baya faɗuwa warwas, in ka saya a farashin hankali ka kula da shi akwai yiwuwar ka samu kusan abin da ka biya. Amma kuɗin kwal da mai da gyara da tirela sun tafi, kuma in kai ka ƙera da hannunka, dubban awannin da ka zuba babu mai biyanka su. Ina kuma lura jirage na ta fitowa kasuwa daga gidajen tsofaffin da suka rasu ko ƙarfi ya ƙare, masu saye basu kai yawansu ba, to kar ka shiga da niyyar riba. Tun ranar farko ka buɗe fayil, kowace takardar gwaji da rasit da zane ka ajiye, ka gaya wa iyali inda yake. In zaka sayar ka sabunta gwaji tukuna, ka ɗauki bidiyo yana jan mutane a kan layi, ka fara sanar da ƴan kulob. Dillali zai biya nan take amma ƙasa da kasuwa, gidan gwanjo kuma yana cire kasonsa. Aibin da ka sani ka faɗe shi a rubuce, addini ma ya hana ɓoye aibin kaya, balle kayan da zai iya ƙona ɗan wani.

Maganar Kano

Zai yiwu, amma ka raba sha'awa da kasuwanci. Ko a nan Ingila takardar kulob ta masu sha'awa ce, wanda zai mayar da abin sana'a sai ya nemo ƙwararren mai duba tukunya da inshora ta daban. Jirgin shi ne ƙaramin ɓangaren kuɗin, layi ne babba, ƙasa mai faɗi da aka daidaita, tsakuwa, kwanoni masu faɗi don mai inci 7¼ baya son kwana mai tsauri, taragai masu birki, shinge, da ma'aikatan da aka horar.

Sai yanayi. Injekta tana aiki ne saboda tururi na narkewa cikin ruwan sanyi ya tura shi cikin tukunya, in ruwan tanki ya ɗumama sai ta ƙi kamawa, ko a nan ranar da aka yi zafi muna fama da ita, to ka ƙiyasta watan Afrilu a Kano, dole ka dogara da famfon da tayoyi ke bugawa da na hannu, tankin ruwa kuma ya zama a tarago cikin inuwa, nesa da jikin tukunya. Ƙurar hunturu in ta haɗu da mai tana cin gaɓoɓi da sauri, busasshiyar ciyawa kuma tartsatsi ɗaya ya ishe ta, sai da raga a bututun hayaƙi da share gefen layi. Kwal ɗin Enugu mai hayaƙi ne, zai riƙa toshe ƙananan bututun nan, gawayi kuma yana cinyewa da sauri ga tartsatsi, mafita mai kyau ita ce a mayar da jirgin mai amfani da gas kamar yadda da yawa ke yi a Amurka, amma ƙwararre ne zai yi wannan juyin. Notuna da zaren bututun jiragen Ingila ma'auninsu na daban ne, BA da ME ake ce musu, da wuya ka same su a kasuwar kayan gyara, sai ka tafi da su da abin yanka zarensu, da gilasan ruwa da injekta ta ajiya.

In ni ne, jirgin da zai yi jigilar yara kullum mai batir zan saya, kunnawa ɗaya ya tashi, duk ma'aikaci mai hankali zai tuƙa, babu wuta babu matsi. Mai tururin in ajiye shi na ranakun Sallah da hutu, ni da kaina ko wanda na koyar a kan kujera. Kuma tunda babu kulob ɗin da zai tsare ka da gwaji a can, kafin jirgin ya bar Ingila ka zauna da mai gwajin kulob ɗinku ka koyi yadda ake yi, ka sayi famfon gwaji da geji da aka tantance, sannan a gida ka nemo injiniyan da ke duba tukwanen masana'antu ya riƙa yi maka gwajin ruwa da na tururi a kan lokacinsu yana sa hannu, ko da babu wanda ya tambaye ka takardar.